Bunƙasar Masana'antu a Ƙasar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Wayar da ke aljihunka, babur ɗin da ya kawo ka kasuwa, fitilar da yara ke karatu da ita da daddare, ko atamfar da aka sa a lefen ƙanwarka, da wuya a rasa ɗaya a ciki da ba daga ƙasar Sin aka kawo ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ƙasar ta kai wannan matsayi cikin shekara 40, da abin da hakan ya haifar mata da ma sauran duniya.

Wai da gaske Sin matalauciyar ƙasa ce a da?

Ƙwarai kuwa, kuma ba da daɗewa ba. A 1978, idan aka raba abin da ƙasar ke samarwa a shekara kan yawan jama'arta, kason mutum ɗaya bai kai dala 200 ba. Mutum 8 cikin 10 a ƙauye suke zaune. Hatsi da man girki da yadi duk da kati ake sayen su, gwamnati ce ke ƙayyade wa kowane gida abin da zai samu. Mai keke da agogon hannu da keken ɗinki shi ne wanda ya tara abin duniya.

Zuwa 2021 kason mutum ɗaya ya haura dala 12,000. A tsakanin nan tattalin arzikin ya riƙa ƙaruwa da sama da kashi 9 cikin 100 a shekara, idan aka daidaita lissafi. A 2009 Sin ta wuce Jamus a fitar da kaya waje, a 2010 kuma ta ture Japan ta zama ta biyu a girman tattalin arziki, bayan Amurka.

To daga ina abin ya faro?

Daga gona. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ne gindin maganar.

Kafin 1978 manomin Sin ba shi da gonar kansa. Noman gandu ake yi na dole, ƙauye guda gona guda, a tara amfani gwamnati ta ɗauki nata, sauran a raba. Wanda ya yi aiki tuƙuru da wanda ya wuni a inuwa kusan abu ɗaya suke samu, saboda haka kowa ya sassauta fartanyarsa. A ƙarshen 1978, a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui, inda yunwa ta sa mutane ke fita bara bayan girbi, magidanta 18 suka haɗu da dare a ɓoye. Suka rubuta takarda cewa za su raba gonar gida-gida, kowa ya biya gwamnati kasonta, abin da ya yi saura nasa ne. Suka ƙara da alkawari: idan aka ɗaure wani ko aka kashe shi saboda wannan, sauran za su riƙe masa 'ya'yansa har su kai shekara 18. Kowa ya dangwala yatsa da jar tawada. Mutanen nan sun san abin da suke yi laifi ne babba a wancan lokaci, amma yunwa ta fi ƙarfin tsoro. Kakar da ta biyo baya suka girbe ninkin abin da suka saba samu.

Gwamnatin Deng Xiaoping ba ta hukunta su ba. Ta bari tsarin ya bazu, ta kuma ƙara kuɗin da take sayen hatsi daga hannun manomi. Hatsin da ƙasar ke nomawa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa tan miliyan 407 a 1984. Manomi ya ƙoshi, ya sami rarar kuɗi, ya fara neman bulo da kwanon rufi da takalmi da rediyo. Nan da nan ƙananan masana'antu suka ɓullo a ƙauyuka da garuruwa don biyan wannan buƙata, mallakar hukumar gari ko haɗin gwiwar mutanen ƙauye. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun ɗauki ma'aikata fiye da miliyan 100. Wato kafin Baturen farko ya zo neman a ɗinka masa riga da arha, an riga an sami ɗan ƙauyen da ya iya aiki da inji.

Ashe Mao Zedong, shugaban da ya mulki Sin kafin wannan gyara, bai yi ƙoƙarin kafa masana'antu ba?

Ya yi, kuma wani ɓangare na ƙoƙarin ya zama bala'i. A 1958 ya ƙaddamar da shirin zabura ta gaggawa, aka janye manoma daga gona aka sa su narka tukwane da fartanyu a murhun bayan gida, wai don ƙasa ta tara ƙarfe. Ƙarfen bai yi amfani ba, amfanin gona ya lalace, jami'ai suka riƙa aika wa na sama rahoton ƙarya na girbi. Yunwar da ta biyo baya zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyi masu yawa, tana cikin mafi muni a tarihin ɗan Adam.

Duk da haka zamanin ya bar wani gado. An yi yaƙi da jahilci, an kai makarantun firamare ƙauyuka, an horar da ma'aikatan lafiya na karkara, an yi rigakafi. Tsawon rai ya tashi daga shekara 40 ko ƙasa da haka zuwa wajen 65. Mata sun fita aiki. Don haka lokacin da aka buɗe ƙofa, ma'aikacin Sin talaka ne amma yana da lafiya, ya kuma iya karanta umarnin da aka manna a jikin inji.

Me ya sa kullum ake ambaton Shenzhen?

Domin nan ne aka yi gwajin. A 1978 Deng ya ziyarci Japan, ya hau jirgin ƙasarsu mai gudun tsiya, ya shiga masana'antar motoci ta Nissan, ya ga da idonsa irin tazarar da aka ba ƙasarsa. Ya je Singafo, a farkon 1979 ya je Amurka. A 1980 aka ware yankuna 4 na musamman, Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, inda baƙo zai zuba jari da sauƙin haraji, ya shigo da injuna da kayan aiki ba tare da wahalar kwastan ba, ya sarrafa ya fitar.

Ba a zaɓi wuraren da ka ba. Shenzhen na maƙwabtaka da Hong Kong, Zhuhai na kusa da Macau, Xiamen na kallon Taiwan. A can akwai Sinawa 'yan uwansu masu jari da ilimin sana'a da abokan ciniki a Turai da Amurka, sai dai kuɗin ma'aikaci da na haya sun yi musu tsada. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, wasu ma kakanninsu daga ƙauyukan nan suka fita. Su ne suka fara ɗauko kekunan ɗinki da injunan roba suka tsallako. Shenzhen, wadda a da yankin masunta da manoma ce, yanzu birni ne mai mutum fiye da miliyan 17, kuma a nan hedkwatar Huawei take, da BYD, da Transsion masu wayar Tecno da Itel.

Dabarar ita ce a gwada abu a ƙaramin wuri, idan ya yi kyau a faɗaɗa, idan ya ƙi a rufe. A 1984 aka buɗe wasu biranen gaɓar teku 14, a 1990 aka fara gina Pudong a Shanghai. Da tafiyar ta yi sanyi bayan murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen na Beijing a 1989, Deng ya yi rangadin kudu a 1992, yana da shekara 87, ya nemi a ƙara sauri.

Ba arhar ma'aikata ba ce kawai sirrin?

Da arha kaɗai ce, da ƙasashe da dama sun riga Sin. Mai masana'anta na neman wutar da ba ta ɗaukewa, da titin da zai kai kwantena tashar jirgin ruwa cikin 'yan sa'o'i, da maƙwabcin da ke ƙera abin da yake buƙata. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai. A Sin gari guda kan rungumi sana'a guda: Datang safa, Wenzhou takalma da abin kunna wuta, Yiwu kuma kasuwar ƙananan kaya ce da 'yan kasuwar duniya ke zuwa sari. Mai ɗinka jaka zai sami zif da zare da maɓalli da kwali duk a unguwa ɗaya, kamar yadda tela a Kano ba ya buƙatar barin Kwari kafin ya haɗa kayan ɗinkinsa.

Sannan gwamnati ta sa sharaɗi. A lokacin, kamfanin motoci na waje da ke son kasuwar Sin sai ya haɗa gwiwa da na gida, kamar yadda Volkswagen ya yi a Shanghai a 1984. Injiniyoyin gida suna gefe suna koyo. An dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977, aka kuma tura ɗalibai waje. Shigar ƙasar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001 ita ce ta buɗe mata kasuwannin duniya baki ɗaya.

Ina aka samo kuɗin wannan gine-gine?

Mafi yawa daga cikin gida. Sinawa mutane ne masu tsimi, kuma rashin tabbas game da kuɗin asibiti da tsufa ya ƙara sa su ajiya. Kuɗin na bankunan gwamnati, su kuma suna ba da rance mai sauƙin ruwa ga masana'antu da ayyukan hanyoyi. Shekaru da yawa sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa ana mayar da shi jari. Ƙasa kuma ta hukuma ce, ƙananan hukumomi na sayar da izinin amfani da fili su yi tituna da kuɗin.

Sakamakon ya wuce misali. Simintin da Sin ta yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2013 ya fi wanda Amurka ta yi amfani da shi a ƙarni na 20 gaba ɗaya. Layin jirgin ƙasa mai sauri na farko tsakanin Beijing da Tianjin an buɗe shi a 2008, yau irin layin ya haura kilomita 40,000. Fiye da rabin ƙarfen duniya a can ake narka shi.

Su wane ne ke aiki a cikin masana'antun nan?

'Yan ci-rani. Bahaushe ya san wannan kalma ciki da waje, sai dai na Sin ba rani kaɗai suke ci ba, shekara suke yi. Yawansu ya kai wajen miliyan 300, galibi daga lardunan ciki irin su Sichuan da Henan da Hunan da Anhui. A shekarun farko yawancin masu haɗa kayan lantarki da ɗinki 'yan mata ne masu shekara 17 zuwa 25.

A ce yarinya ta bar ƙauye da jaka ɗaya. Masana'anta ta ba ta gado a ɗakin kwana na mutum 8 ko 10, gado kan gado, bokiti a ƙarƙashi, wanki a rataye a taga. Tana tsaye ko zaune gaban layin aiki awa 10 zuwa 12, tana ɗaura ƙusa iri ɗaya sau dubbai. Ainihin albashin kaɗan ne, ƙarin lokaci ne ke cika shi, shi ya sa ita da kanta take roƙon a ƙara mata awoyi. Ƙarshen wata ta aika gida, a biya wa ƙaninta makaranta, a sa wa ɗakin iyaye rufi.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne tsarin rajistar gida da suke kira hukou. Wanda aka yi wa rajista a ƙauye, ko ya shekara 20 yana gina birni, ba ɗan birnin ba ne a idon hukuma. Shekaru da yawa ɗansa ba shi da gurbi a makarantar gwamnati ta birni, shi kuma ba shi da cikakken haƙƙin asibiti ko fansho a can. Birni ya karɓi ƙarfinsa, ya bar wa ƙauye ɗawainiyar renon 'ya'yansa da jinyar tsufansa. Wannan na cikin dalilan da kaya suka yi arha. An sassauta tsarin a ƙananan birane, amma a Beijing da Shanghai har yanzu ƙofar a ƙuntace take.

Saboda haka yara miliyoyi suka tashi a hannun kakanni. Wani ƙiyasi na ƙungiyar matan ƙasar a 2013 ya kai su miliyan 61. Sau ɗaya a shekara suke ganin iyaye, lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda ya yi kama da tafiyar Sallah a wurinmu amma a ninka sau ɗari. A farkon 2008 dusar ƙanƙara ta tsayar da jirage, mutane dubu ɗaruruwa suka maƙale a tashar Guangzhou kwana da kwanaki cikin sanyi da ruwan sama, kowa rungume da tsarabar yaransa, ba wanda ya yarda ya juya. A 2010 kuma jerin matasan ma'aikata suka kashe kansu a masana'antar Foxconn ta Shenzhen, mai haɗa wayoyin Apple da na wasu kamfanoni. Sai bayan nan aka ƙara albashi sosai.

To talaka ya amfana kuwa?

Ya amfana, wannan ba abin musu ba ne. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Jikan wanda ya ci ganye a shekarun yunwa yau yana da firji da babur mai lantarki. Mazauna birni sun tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin 100 zuwa sama da 60. Sai dai rabon bai zo daidai ba: gaɓar teku ta yi wa cikin ƙasa nisa, ɗan birni kuma na samun fiye da ninki biyu na ɗan ƙauye.

Akwai waɗanda suka yi asara?

Akwai. A ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin Firaminista Zhu Rongji, aka rufe ko aka sayar da dubban kamfanonin gwamnati da ba sa riba. Ma'aikata miliyoyi masu yawa suka rasa aiki, musamman a arewa maso gabas, kuma tare da aikin suka rasa gida da asibiti da makarantar da kamfani ke bayarwa. Manoman bakin birni an karɓe gonakinsu da diyya kaɗan, har aka yi bore irin na ƙauyen Wukan a 2011. Madatsar ruwa ta Three Gorges ta tashi mutum fiye da miliyan 1 daga gidajensu. A ramukan haƙar kwal, a shekarar 2002 kaɗai kusan mutum 7,000 suka mutu.

Yaya muhalli ya kasance?

Ya ji jiki. Kwal ne ya tuƙa wannan bunƙasa, Sin na ƙona fiye da rabin wanda duniya ke ƙonawa, kuma tun wajen 2006 ta wuce Amurka a fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. A Janairun 2013 hayaƙi ya rufe Beijing kamar hazon hunturu mai kauri, sai dai wannan hazon guba ne, iyaye suka riƙa kulle yara a ɗaka. A 2007 tafkin Tai ya gurɓace, mutanen birnin Wuxi suka rasa ruwan famfo na kwanaki. Binciken gwamnati da aka fitar a 2014 ya nuna kusan kashi 1 cikin 5 na ƙasar noma ta gurɓata.

A wannan shekarar Firaminista Li Keqiang ya ayyana yaƙi da gurɓata muhalli. An rufe tsofaffin masana'antu, an hana gidaje ɗumama ɗaki da kwal a wasu yankuna, ƙurar iskar Beijing ta ragu da fiye da rabi. Yau Sin ce ke ƙera kusan kashi 80 cikin 100 na faifan sola na duniya. Iska ta fi saurin gyaruwa, amma ƙasa da ruwan ƙarƙashinta za su daɗe.

Shin Sin ce ta kashe masaƙun Kaduna da Kano?

Ta taimaka, amma ta tarar da mara lafiya ne a kwance. An kafa masaƙar Kaduna ta farko a 1957, zamanin Sardauna, Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano na da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Abin lura, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma Sinawan Hong Kong ne suka kafa ta a shekarun 1960. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wuta ta zama sai an yi sa'a, baƙin mai ya yi wuyar samu, noman auduga ya ja baya. Masaƙar da ke kan janareto ba za ta iya gasa da wadda ke kan lantarkin gwamnati dare da rana ba.

Ana cikin haka aka cire ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, dilolin atamfa da shadda suka riƙa kwararowa, da yawa ta fasa-ƙwauri daga iyakokin Nijar da Benin, wasu ma da zanen masaƙun gida a jikinsu. UNTL ta rufe a 2007. Wanda ya san Kakuri lokacin da jiniya ke kaɗawa a canja ma'aikata, mai abinci da mai shayi da mai gidan haya duk suna ci daga nan, ya san abin da aka rasa. A ɗaya gefen kuma, uwar da a da ba ta iya yi wa 'ya'ya 5 ɗinkin Sallah yanzu tana iyawa, kuma 'yan kasuwarmu ne da kansu ke zuwa Guangzhou su ba da zane a buga musu.

Me ya sa ake cewa kayan Caina ba su da ƙarko?

Masana'anta ɗaya na iya yin na tsada da na arha, gwargwadon kuɗin mai sari. Wayar iPhone ma yawanci a can ake haɗa ta. Amma saurin ya wuce sa ido a wasu lokuta, kuma Sinawa da kansu sun ɗanɗana: a 2008 madarar jarirai da aka gauraya da sinadarin melamin ta kashe jarirai 6, ta sa kusan 300,000 rashin lafiya.

Sai da mulkin jam'iyya ɗaya ake irin wannan ci gaba?

A'a. Japan ta bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu da zaɓe da majalisa. Jam'iyyar Kwaminis ɗin nan ɗaya da ta jagoranci gyaran 1978 ita ce ta jagoranci yunwar 1959, lokacin da ba wanda ya isa ya faɗa wa shugaba gaskiya. Ƙarfin iko ya sa an gina titi cikin wata 6, ya kuma sa ma'aikaci ba shi da ƙungiyar ƙwadago sai wadda hukuma ta yarda da ita. Abin da Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin suka yi tarayya a kai shi ne gyaran noma da farko, makaranta ga kowa, da tilasta wa masana'antu su fita su yi gasa a kasuwar duniya.

Yanzu ina aka kwana?

Gudun ya ragu zuwa wajen kashi 5 cikin 100. Albashi ya tashi, ɗinkin tufafi da takalma na ƙaura zuwa Vietnam da Bangladesh da Kambodiya, ita kuma Sin ta koma motoci masu lantarki da batura da jiragen ruwa. Tun 2018 Amurka ke ƙaƙaba wa kayanta haraji. Harkar gine-gine da ta daɗe tana ɗauke da tattalin arziki ta yi rauni, katafaren kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, mutane da yawa sun biya kuɗin gidajen da ba a kammala ba.

Babbar damuwar ita ce mutane. Dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, aka ba da izinin 2 a 2016, aka ƙara zuwa 3 a 2021, amma matasa sun ce gida da makaranta sun yi tsada. A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu karon farko tun shekarun yunwa, a 2023 Indiya ta wuce ta. 'Yan ci-ranin farko, waɗanda suka gina Shenzhen da hannunsu, yanzu sun haura shekara 60. Da yawansu sun koma ƙauye da fansho ɗan kaɗan, wasu kuma na nan a birni suna gadi da shara, domin masu gine-gine sun daina ɗaukar mai irin shekarunsu.